Mabuɗan Gidan da Ba a Zauna Ba



A cikin akwatin ƙarfen da nake adana takardun Maigida akwai mabuɗai bakwai ɗaure da jan zare. Tun ƙarshen shekarar 2023 suke hannuna a matsayin ajiya, kuma duk lokacin da na buɗe akwatin don in ɗauko hatimi ko littafin sulhu sai na ji ƙararsu. Mai su wani dattijo ne, dillalin motoci, mutumin ƙasar Maraɗi, wanda ya sauka Kwatano yana saurayi, ya shafe shekara talatin da wani abu yana safa da marwa tsakanin tashar jiragen ruwa da filayen sayar da motoci na Sekanji. Ba zan ambaci sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun riga sun gane, waɗanda ba su san shi ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Da guminsa ya gina bene a garinsu, ɗaki goma sha biyu, da rijiya da ƙofar ƙarfe. Ya taɓa lissafa mini da bakinsa, yana dariya, cewa kwanakin da ya yi a cikin gidan nan ba su cika arba'in ba. A nan kuwa ɗaki biyu na haya ya zauna shi da iyalinsa, rufin yana yoyo kowace damina, in aka ce ya gyara sai ya ce: “Wa ke gyaran zango? Ai tafiya za mu yi.” Ajali ya riske shi a ɗakin hayar nan, iyaka tana rufe. A nan muka yi masa sutura, a nan muka binne shi.

Ranar sadakar uku, ana zaune kan tabarmi, wani matashi cikin yaranmu masu karatu a jami'ar Kalabi ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce: “Baba Malam, don Allah, wannan bawan Allah ya yi rayuwa mai kyau kuwa?” Na harare shi, na ce ba a irin wannan tambaya a wurin makoki. Ya sunkuyar da kai. Amma tambayar ta bi ni har gida, ta kwana da ni, kuma yau na ga ya kamata in amsa masa a fili tun da na hana shi a ɓoye. Hisabin mamaci yana wurin Ubangijinsa, ba ruwan alƙalamina da shi. Sai dai mai rai yana da haƙƙin ya tambayi me ke sa rayuwa ta yi kyau, domin shi ne zai tashi gobe da asuba ya zaɓi inda zai zuba ƙarfinsa.

Amsar da ta fi yawo a bakinmu ita ce arziki, ko da muna jin kunyar faɗinta ƙarara. In aka ce wane ya dace, to mota ake nufi, da bene, da kujerar Makka. Ni kuwa ba na cikin masu raina wannan amsa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kantin magani da takardar likita a hannu, aljihu babu ko dala, ya san cewa wa'azin ƙanƙantar duniya yana da nauyin ji a irin wannan sa'a. Alhaji Umaru na Salaga, malamin da duk zangunan Afirka ta Yamma ke alfahari da shi, ya yi doguwar waƙa a kan talauci da wadata, kuma bai yi wa talauci ado ba ko kaɗan. Ya nuna yadda yake zubar da girman mutum ko a cikin danginsa. Aristo na Yunan ma, wanda malaman Musulunci na dā suka karanta suka yi wa sharhi, ya yarda cewa kyakkyawan hali yana bukatar ɗan abin hannu da lafiya da abokai kafin rayuwa ta cika. Saboda haka duk wanda zai ce wa mai tura kura a Dantokpa kuɗi ba komai ba ne, ya fara biya masa kuɗin haya tukuna.

Amma mu mutanen Zongo mun fi kowa sanin inda mabuɗin arzikinmu yake rataye. Ina saurayi a watan Janairun 1994 lokacin da aka karya darajar sefa: an kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, aka wayi gari yana sefa 100. Na ga dattawa masu tarin kuɗi a ƙarƙashin katifa sun tashi da rabin abin da suka kwanta da shi, ba ɓarawo, ba gobara. Gobarar ma ta zo, a ƙarshen Oktoban 2015, ta lashe wani sashe na Dantokpa cikin dare. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, Seme ta yi tsit har Disamban 2020, masu shinkafa da masu motoci suka zauna suna kallon juna. Shekarar 2023 kuwa ba a magana. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur a Najeriya, farashin kwalaben kpayo ya tashi, 'yan zemijan suka ji a jikinsu. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, takunkumin CEDEAO ya biyo baya, gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta rufe, manyan motoci suka yi layi kaya yana ruɓewa a cikinsu. A watan Satumba rumbun fetur ya kama da wuta a Seme-Krake, mutum fiye da talatin suka rasu. Ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, gadar ba ta buɗe daga wancan ɓangaren ba, mutane suka koma kwalekwale. A cikin waɗannan masifu duka babu wadda aka yi shawara da ɗan Zongo kafin ta auku. In har arziki shi ne ma'aunin rayuwa mai kyau, to kyawun rayuwarmu yana hannun wasu mutane a Faris da Abuja da Yamai waɗanda ba su san sunan unguwarmu ba. Zuciyata ba ta karɓi wannan ba.

Masu ilimin zamani suna da wata amsa, wato jin daɗi. Akwai rahoton farin ciki na duniya da ake fitarwa tun 2012. Ana tambayar mutane su ɗauka rayuwa tsani ce mai matakala daga sifili zuwa goma, su faɗi inda suke tsaye. A rahoton 2013, cikin ƙasashe 156, Benin ce ta 155, Togo kaɗai ke ƙasa da mu. A na 2019 kuma sai aka ce babu ƙasar da ta kai mu hawa sama a cikin shekarun da aka kwatanta. Na yi ta tunanin abin da ya canza a Zongo tsakanin waɗannan shekaru har muka yi irin wannan tsalle, ban gano ba, ko da yake ba na musun cewa masu binciken sun yi aikinsu da gaskiya. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tunanin mai tambaya ya tsayar da Bahaushe da wannan tsani. Mutumin da za ka gaishe shi yana kan gadon asibiti ya ce maka “da sauƙi”, wanda kayansa suka nutse a kogi ka yi masa jaje ya ce “alhamdu lillahi”, wace lamba zai ba ka? Harshenmu ya raba abu biyu da wannan tsani ya haɗa: rayuwa mai daɗi daban, rayuwa mai kyau daban. Ɗan daba da ya ƙwace wayar wani ya sayar ya ci tsire yana cikin daɗi a wannan dare. Uwar da ta kwana tana jinyar ɗanta ba ta ji daɗin komai ba, amma ba wanda zai ce darenta ya lalace.

Wani binciken ya fi kusa da abin da na gani da idona. A jami'ar Harvard ta Amurka an fara bin rayuwar wasu samari tun 1938, daga baya aka haɗa da yaran unguwannin talakawa na birnin Boston, jimilla mutum 724, ana bin su har tsufa da mutuwa, sa'an nan aka ci gaba da 'ya'yansu. Abin da masu binciken suka fi nanatawa shi ne, kyawun zaman mutum da mutanensa ya fi dukiya da suna nuna wanda zai tsufa cikin lafiya da kwanciyar rai. Shekara tamanin da ɗoriya suka yi kafin su tabbatar da abin da kakanninmu suka taƙaita da cewa mutum rahama ne. Ban raina wahalarsu ba. Abin da aka auna ya fi abin da aka ji a bakin tsofaffi saurin shiga kunnen yaran yanzu.

Akwai wani Bature, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya. Ya gabatar da lacca a jami'ar Indiana a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya tattara kalmomi goma da ya ji muna auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ranar da na fara ganin jerin nan na yi ta juya shi kamar mai jan tasbaha, sai na lura da wani abu. Kusan babu ɗaya a cikinsu da mutum zai iya yi shi kaɗai a ɗaki. Amana sai da mai ba da ajiya. Karamci sai da baƙo. Kunya sai da idon da ake jin nauyinsa, adalci sai da mutum biyu da ke jayayya, haƙuri ma yawancinsa da mutane ake yi. Ashe a wurin Bahaushe kirki abu ne da ke faruwa tsakanin mutum da wanda ke gabansa. Wanda ke gabanka kuwa yana inda kake zaune yau, ba ya cikin gidan da ka kulle a Maraɗi ko Katsina ko Birnin Ƙonni.

A nan ne nake ganin ciwonmu yake, mu mazauna zango. Sunan unguwarmu kansa yana ruɗinmu. Zango a asali wurin da ayari ke sauka ne bayan tafiyar yini, a kan hanyar fataken goro da ta tashi daga Kano da Sakkwato, ta ƙetare Kwara, ta bi ta ƙasar Bargu da Jugu har Gwanja. Mun gaji sunan, muka gaji tunanin da ke cikinsa, wato gobe za a ɗaura kaya. “Sai na koma gida” ita ce kalmar da na fi ji a bakin mutanenmu cikin shekarun da na yi ina riƙe wa Maigida alƙalami. Sai na koma gida zan huta. Sai na koma gida zan zauna da yara in koya musu karatu, zan nemi ɗan'uwana mu shirya, zan koma gaban malam in ƙarasa littafin da na bari a tsakiya. Ana cikin haka gemu ya yi fari, yaran da za a zauna da su sun girma a titi, Fonanci da Faransanci sun fi Hausa zama a bakinsu, garin da ake ce musu gida kuwa sun san shi ne a hoton waya. Uba yana zaman jiran tafiya, 'ya'ya suna zaman gida, a ɗaki guda, kowa da duniyarsa.

Na san za a ce mini ai malamanmu ma sun ce duniya zango ce. Haka ne, a kan wannan aka yaye ni, daga allo har zaure, kuma ban sauka daga kai ba. Amma a tambayi wanda ya san fatauci me ake yi a zango. A nan ake sauke wa jakuna kaya a duba gyambon bayansu. A nan ake dafa abinci a ci tare, a rama barci, a yi jinyar wanda zazzaɓi ya kama, madugu ya raba gardamar da ta taso a hanya. Ayarin da ya wulaƙanta zangonsa ba ya kai Gwanja. Kuma duk fatake sun san wani mutum da ake kira mai gida ko fatoma, wanda shi ba ya tafiya ko'ina: yana zaune a zango, yana saukar da baƙi, yana ajiye musu kaya da kuɗi, yana tsaya musu a wurin ciniki. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi, ba takarda ba kotu, don kawai mai gida ya ce ya tsaya. Dukiya mai yawa tana tafiya a kan kalmar mutum ɗaya da ya yarda ya zauna wuri ɗaya har a san shi. Zangunan da muke alfahari da su, daga Kumasi zuwa Lome zuwa nan, waɗanda suka zauna ne suka kafa su.

Shi kansa Alhaji Umaru da na ambata, a Kano aka haife shi wajen 1858. Ya bi hanyar fatake ya sauka Salaga, yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi, ya zama limaminta, a can ya koyar, a can ya yi rubuce-rubucensa, a can ya rasu a 1934. Cikin ayyukansa na farko har da littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa, abin da ya sa nake ɗaukarsa uban gidan duk wani magatakarda irina. Da ya ce sai ya koma Kano zai buɗe makaranta, da zangunan Gana da Togo sun yi asarar malamin malamansu. Har waɗanda suka gudu daga duniya don tsoron fitinarta, in ka bi labarinsu za ka tarar sun dawo wurin mutane. Imam Gazali ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095, ya yi shekaru yana keɓe, daga baya ya koma koyarwa a Naisaburi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, 'yan shekaru bayan fara jihadin 1804, ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan jama'a, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar barin ƙasar. Da ya iso Kano mutanenta suka riƙe shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya juya ya koma. Mutanen da ke gabansa sun fi ƙarfin tafiyar da ke ransa.

Bari in kawo wadda ba ta cikin littafi. Akwai wata tsohuwa mai tuwo a unguwar nan, ba nisa da babban masallaci. Lokacin da gada ta rufe a 2023, direbobi da yaran mota 'yan Nijar da yawa suka maƙale a Kwatano, guzuri ya ƙare, masu kaya sun daina ɗaukar waya. Wannan baiwar Allah ta ci gaba da zuba musu tuwo safe da dare, tana cewa in hanya ta buɗe a biya. Ba ta iya rubutu ba, a ka take riƙe lissafi, kuma na tabbata da gangan ta mance rabinsa. Jarinta ya karye a wannan shekara. Wasu sun dawo sun biya, wasu har yau. In ka tambaye ni wa ya yi rayuwa mai kyau a Zongo, ita ce ke fara zuwa raina kafin masu benaye.

Sai dai a nan dole in ja wa kaina birki, domin akwai wata yaudara da mu maza muka ƙware a kanta. Muna son yabon haƙurin mata da sadaukarwarsu, saboda yabo ba ya cin ko sisi. Tsohuwar nan ƙafafunta sun kumbura saboda tsayuwa gaban murhu, kuma da jarinta ya karye ban ga layin masu yabonta a ƙofarta da buhun masara ba, har da ni mai wannan rubutu, sai da Maigida ya yi magana. Rayuwarta ta yi kyau, amma mu da muka bar ta ta ɗauki kayan unguwa ita kaɗai, tamu ta ragu. Haka matar dillalin da na fara da labarinsa: shekara talatin tana tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo domin a gina gidan da ba a taɓa tambayarta ko tana son komawa cikinsa ba, alhali a Kwatano aka haife ta, a nan uwarta take kwance. In kirkin mutum ya tsayu a kan wuyan wani wanda ba a ba shi bakin magana ba, akwai sauran lissafi.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi a kaina, kuma ba zan ɓoye ta ba. Wani dattijo ya ce mini: “Malam, kana magana kamar ba ka san tarihi ba. Baƙo raɓa ne.” Gaskiyarsa. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango da yawa suka bar gidaje da shaguna suka hau mota da abin da hannu zai iya ɗauka. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin nata korar. A nan Kwatano mun ga yadda aka share rumfuna da shagunan bakin titi a farkon 2017, ga kuma maganar tashin Dantokpa da ta biyo baya. Wanda ya ga waɗannan ya ce zai kafa bango huɗu a garin ubansa saboda ranar tsiya, ba wauta ya yi ba. Ni ma ina da fili a Arewa, a garin mahaifina, da bulo ɗari biyu da ciyawa ta rufe, kuma ban sayar ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da mafaka ta zama alƙibla. Ɗaki biyu da katanga sun isa ranar gudu. Ɗaki goma sha biyu da aka gina da kuɗin makarantar yara, da kuɗin gyaran rufi, da shekarun da ba za su dawo ba, wannan ya wuce tanadi, ya zama gasa da 'yan uwan da ke can, don a ce wane na Kwatano ya yi abin kai.

Kuma tsoron kora kansa, in aka bi shi da hankali, zama yake koyarwa. Waɗanda aka fi wulaƙantawa a 1969 su ne marasa takarda, har da waɗanda aka haifa a can ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Duk da haka har gobe ana kawo mini yaro ɗan shekara goma sha biyu, haifaffen Zongo, ba shi da takardar haihuwa, don uban yana ganin ba a nan za a zauna ba. Yaron ba zai zauna jarrabawa ba, ba zai yi katin shaida cikin sauƙi ba, ya zama baƙo a inda aka yanke masa cibiya, ya zama baƙo a inda ake ce masa gida. Ana kawo mini rigimar bashin miliyoyin sefa da ba a rubuta ba, ba shaida, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Ana mutuwa ba wasiyya, a bar mata biyu a ƙasa biyu da 'ya'yan da ba su taɓa gaisawa ba. Duk waɗannan 'ya'yan “sai na koma gida” ne. Mutumin da ya yarda cewa a nan rayuwarsa take gudana, yau ɗin nan, shi ne zai je ya yi wa ɗansa takarda, ya san sunan maƙwabcinsa Bafone ko Bayarabe, ya je masa gaisuwar mutuwa, ya sa hannu a gyaran kwatar unguwa kafin ruwan Yuni ya shigo ɗaki.

To, ɗana mai tambaya, ga abin da ban faɗa maka a kan tabarma ba, don a lokacin ni ma ban sani ba. Bayan kwana arba'in Maigida ya sa aka kawo jakar takardun marigayin domin a fara lissafin gado. A ƙarƙashin rasiɗan siminti da na duwan na tarar da wani ƙaramin littafi na 'yan lakwal, bangonsa ya yi laushi saboda hannu. An rubuta shi da ajami, irin rubutun wanda bai yi nisa a allo ba. Sunaye ne, shafi bayan shafi. Yaran da suka sauka tasha ba su san kowa ba ya kai su ɗakinsa suka kwana. Waɗanda ya tsaya wa har aka ba su tuƙi. Wanda ya biya wa kuɗin asibiti, wanda ya saya wa babur ya ce ya riƙa biya a hankali, gawa biyu ta baƙi da ya yi wa likkafani. A gaban sunaye da yawa ya ja layi ya rubuta kalma biyu: na yafe. Ban taɓa jin ya ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, shi da ba ya gajiya da labarin tayil ɗin benensa. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ranar jana'izarsa titi ya cika da direbobi da 'yan zemijan da ban san fuskarsu ba.

Na rasa yadda zan yi da wannan mutum a cikin lissafina. Na so in kafa shi misalin wanda ya jinginar da rayuwarsa har ta ƙare, ga shi littafinsa ya ƙaryata ni rabi. Abin da yake kira jira, ashe a cikinsa ya yi duk abin da za a tuna shi da shi. Abin da yake kira gida kuwa ƙadangaru ne ke kwana a ciki. Ya zama fatoma ba da saninsa ba. Abin da nake yi masa baƙin ciki shi ne bai ɗanɗani wannan ba. Ya rayu yana ganin kansa matafiyin da bai isa ba, yana ƙyamar ɗakin da mutane da yawa suka sami mafaka a cikinsa, kuma iyalinsa sun biya kuɗin wannan ƙyama da jikinsu. Da ya san a nan ne, da ya gyara rufin.

Babban ɗansa ya zo wurina kwanan baya a kan maganar gado. Yana son a sayar da benen a raba, 'yan uwan uban da ke can sun ce ba a sayar da gidan gado ga bare, maganar tana gaban Maigida, an sa rana bayan Salla. Na zaro mabuɗan na ajiye a gabansa, ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai san wanne ke buɗe wace ƙofa ba, sau biyu ya taɓa zuwa garin. Sai na miƙa masa ƙaramin littafin. Ya buɗe, ya dube shi, ya ce: “Baba Malam, ban iya karanta ajami ba.” Na ce ya gyara zama. Muka fara daga shafin farko, ina karantawa yana tambayata wane ne wannan, har aka kira la'asar ba mu kai rabi ba. Ya ce zai dawo ranar Asabar da ƙannensa biyu.